Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnonin Arewa: Ku Zana Ɗaya, Ku Gina Goma

Masu girma Gwamnoni, ranku ya daɗe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ban girma da addu'ar Allah Ya taya ku riƙo, mai wannan takarda tsohon injiniya ne da ya yi shekara talatin da 'yan kai yana ɗaura injina da gyaransu a masana'antu, yanzu ya dawo gida yana zaman jiran a kawo wuta kamar kowa. Ba kwangila nake nema ba. Gwiwar da zan hau tsani da ita ma ta riga ni yin ritaya. Magana ɗaya ce ta hana ni sakat, na ga gara in faɗe ta tun ba a fara haƙa rami ba.

A watan Maris na 2023 aka yi wa tsarin mulki gyaran da ya ba jihohi damar samar da wutar lantarki da rarraba ta, a watan Yuni na wannan shekarar kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lantarki. Ga bututun iskar gas na AKK, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, zai taso daga Ajaokuta ya bi ta Abuja da Kaduna ya tsaya Kano. Ke nan nan da 'yan shekaru kusan kowannenku zai tarar da fayil a kan teburinsa: tashar wuta mai aiki da gas, ko filin faifan sola, ko tashar rarraba wuta ta unguwar masana'antu. Na kuma san yadda za a yi idan aka bar abin ya bi hanyar da ya saba bi. Wannan zai tafi Sin ya dawo da nasa zanen, wancan ya nufi Turkiyya, wani Indiya, wani Jamus. Jiha 19, zane 19, kowanne na fari a irinsa, kowanne da notin da ba ya shiga ƙusar maƙwabci.

Roƙona shi ne ku haɗa kai ku yarda da zane ɗaya, a kammala shi har ƙusa ta ƙarshe, sannan a yi ta maimaita shi daga jiha zuwa jiha.

Bari in ba ku labarin yadda na koyi wannan, don ba a aji na koya ba. A wata masana'anta da na yi aiki, wadda ba zan kama sunanta ba, babban famfon da ke tura ruwa ya mutu mana ranar wata Alhamis da la'asar. Hankalina bai tashi ba, saboda na san akwai sabon famfo dal a sito, ko akwatinsa ba a ɓalle ba. An sayo shi ne a wata kwangila daban, zamanin wani manaja daban. Muka jawo shi, mutum huɗu da sarƙa muka ɗaga shi muka daidaita bakinsa da bakin bututu. A bakin kowane bututu akwai wani faifan ƙarfe mai hujoji, wanda ake haɗawa da ɗan'uwansa a zura ƙusoshi a ɗaure. Bututun inci 4 ne, famfon ma inci 4. Wannan huji takwas, wancan huji takwas. Muka zura ƙusa ta farko ta shiga, ta biyu ta ƙi, ta uku ko alama. Ashe bututunmu a kan ma'aunin Jamus aka yi shi, da'irar hujojinsa milimita 180; famfon kuwa ma'aunin Amurka ne, da'irarsa milimita 190 da rabi. Bambancin bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Wani dattijo mai walda da ke tare da mu ya tsuguna ya daɗe yana kallon hujojin nan, sannan ya ɗago ya ce, "Injiniya, wanda ya sayo wannan bai taɓa riƙe sifana ba."

Shi ya yanka ƙarfe ya ƙera mana mahaɗi, kwana uku yana kai. Da muka kunna, sai ruwan ya zo a sanyaye, ba ƙarfi. Muka duba farantin da ke jikin motar famfon, ashe an yi ta ne don wutar Amurka mai bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu kuwa sau 50 take bugawa, don haka kashi biyar cikin shida na gudunta kawai take yi. Kwana goma sha ɗaya masana'antar tana tsaye, ana biyan ma'aikata suna zaune a gindin bishiya. Ba wanda ya saci kwabo a wannan ciniki, famfon mai kyau ne, kuɗinsa ma da sauƙi. Laifinsa ɗaya: baƙo ne a gidan.

To, ranku ya daɗe, babbar tashar wuta ko matatar mai tana da irin waɗannan mahaɗai dubbai a kan dubbai. A ginin farko na kowane sabon zane, dole a yi karo da su. Za a tarar zanen masu bututu ya bi ta inda zanen masu ƙarfe ya sa ginshiƙi. Za a zuba kankare a bar ramin waya a hagu, inji ya iso a ga ta dama wayarsa ke fita. Duk lokacin da haka ta faru, aiki ya tsaya ke nan. A rubuta wa masu zane a can ƙasarsu, a jira amsa, injin ɗaga kaya da aka ɗauko haya yana tsaye ana lissafa masa kuɗi kullum, leburori suna hamma. Daga nan ɗan kwangila ya kawo takardar neman ƙarin kuɗi da ƙarin lokaci, kuma da gaskiyarsa. Wannan kuɗin makaranta ne, babu wanda ke tsallake shi. Abin tambaya shi ne sau nawa za a biya. Wanda ya maimaita zane sau ɗaya yake biya, domin a gini na biyu an riga an matsar da ginshiƙin, an gyara ramin wayar, helma ya san abin da ke biye da wane, mai walda ya san kusurwar da ke ba da wahala. Wanda ya canza zane kuwa, duk aiki sabon ɗalibi ne.

Mutanen Kaduna ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan. Tun da aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri a 1975, har 504 ta cika ƙasar nan, in ta tsaya maka a Potiskum ko a Illela, yaron bakanike da ido rufe zai kwance mata kafireta. Kayan gyaranta kuwa, daga Panteka har Ƙofar Ruwa, a ƙasa ake zuba su. Ba don ta fi kowace mota a duniya ba ne. Don iri ɗaya ce ko'ina, hannu ya saba da ita. Yau je ka gareji ka ga dalleliyar motar da ita kaɗai ce irinta a gari, ta yi wata shida a kan duwatsu ana jiran ƙwaƙwalwarta daga waje.

Kada a ce wannan hira ce ta bakin gareji, ga Masar nan. A bazarar 2014 ɗauke wuta ya addabi Alƙahira. A watan Yuni na 2015 gwamnatinsu ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Siemens na Jamus, tare da kamfanonin gida guda biyu, Orascom da Elsewedy, a gina tashoshin gas guda uku: ɗaya a Beni Suef a bakin Kogin Nilu, ɗaya a Burullus kusa da Bahar Rum, ɗaya a sabon babban birnin da suke ginawa cikin hamada. Kowace tasha megawat 4,800, jimla 14,400. Don a gane girman abin, tasha ɗaya daga ciki ta kai kimanin abin da duk Najeriya ke rabawa a rana irin ta yau da kullum. An buɗe su a watan Yuli na 2018, bayan aikin wata 27 da rabi. Sirrin ba wani boyayye ba ne. Manyan injinan gas 24 aka sa, takwas a kowace tasha, duk samfuri ɗaya, an jera su bibbiyu, kowane biyu suna ciyar da injin tururi ɗaya. Wato tsari guda aka maimaita sau 12. Masana'antar da ke ƙera injinan ta san abin da za ta fitar na shekara biyu, ba ta jiran wani ya canza ra'ayi. Wanda ya ɗaura na farko yana duban takarda, kafin ya kai na shida takardar tana aljihu.

Akwai wani abu a aikin na Masar da nake so ku riƙe, domin shi ne amsar masu cewa ai Maiduguri ba Jos ba ce. Injinan iri ɗaya ne, amma hanyar sanyaya su ta bi yanayin wuri. Ta bakin kogi da ta bakin teku suna da ruwa a kusa. Ta cikin hamada kuwa da iska ake sanyaya tururinta, da manya-manyan fankoki. Zane na bai ɗaya ba ya nufin a rufe ido. Ana ware abin da ba ya canzawa, wato injin da bututunsa da wayoyinsa da ɗakin sarrafa shi, a kulle; a bar abin da ƙasa da sama ke hukuntawa, kamar harsashin gini da sanyaya inji, a buɗe. Harsashin da zai zauna a kan dutsen Filato ba shi ne zai zauna a baƙar laka ta yankin Tafkin Chadi ba, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani. Ƙarfin da ake rubutawa a jikin injin gas kuma a ma'aunin zafi 15 aka auna shi. A Sakkwato cikin Afrilu, da zafi ya haura 40, ba zai ba da wannan adadin ba. Ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska. Duk wannan sau ɗaya ya kamata a zauna a lissafa shi, a sa shi cikin zanen Arewa, maimakon kowace jiha ta gano shi da kanta bayan ta biya.

Faransa ta fi kowa nisa a wannan hanya, kuma labarinta yana da daɗi yana da ɗaci. Bayan tashin farashin mai na 1973, Firaminista Pierre Messmer ya sanar a 1974 cewa ƙasar za ta koma wutar nukiliya. Kamfanin wuta ɗaya, mai ƙera tukunya ɗaya, wato tukunyar nukiliyar da ke dafa ruwa ya zama tururin juya inji, zane ɗaya da suka karɓo lasisinsa daga Amurka. Suka gina tukwane 34 masu megawat 900, sannan 20 masu megawat 1,300, galibi kowace cikin shekara biyar zuwa shida ko bakwai, wani lokaci huɗu a jere a fili ɗaya, ma'aikata na gama wannan su tsallaka waccan. Kafin a kai 1990 kusan kashi uku cikin huɗu na wutar ƙasar daga nan take fitowa. Da suka ce bari su sake sabon zane mafi girma, na farkonsa a Chooz an fara shi a 1984, bai ba da wuta ba sai 1996. Daga nan suka yi shekaru ba su fara sabon gini ba, ƙwararrun masu walda suka tsufa, suka watse. A ƙarshen 2007 suka fara wata sabuwar samfur a Flamanville, da niyyar gamawa a 2012 a kan yuro biliyan 3.3. Sai a watan Disamba na 2024 ta shiga layin wuta, kuɗin ya haura yuro biliyan 13, kuma cikin abin da ya ja jinkirin har da walda da aka ce a sake. Ƙasa ɗaya, kamfani ɗaya. Abin da ya canza shi ne zane sabo ne, hannun da ya saba kuma ya tafi.

Mu dawo gida, inda abin ya fi ciwo. Matatun mai na gwamnati huɗu ne. Tsohuwar ta Fatakwal ta 1965 Turawan Shell da BP suka gina. Ta Warri ta 1978 kamfanin Italiya ne. Ta Kaduna ta 1980 kamfanin Chiyoda na Japan. Sabuwar ta Fatakwal ta 1989 wani kamfanin Japan ne daban. Uwa ɗaya, uba kowa da nasa. Injiniyan da ya ƙware a Warri in aka kawo shi Kaduna sai ya sake zama ɗan koyo, abin da ke ajiye a siton wannan ba lallai ya yi wa waccan amfani ba, kuma duk lokacin da aka tashi babban gyara sai a shiga neman waɗanda suka gina tun asali. A 2021 dala biliyan 1.5 aka amince a kashe a gyaran ta Fatakwal kaɗai. Ban ce bambancin zane ne ya kashe matatun nan ba, kowa ya san akwai abin da ya fi shi. Amma ya sa jinyar kowace ta zama ta daban, da likitanta da maganinta. Haka masana'antun murza ƙarfe guda uku da aka gina a farkon shekarun 1980, a Katsina da Jos da Oshogbo. Aiki iri ɗaya aka nufe su da shi, girmansu ɗaya, tan 210,000 a shekara kowace, amma ta Katsina Japanawa suka gina, sauran biyun Jamusawa.

A wutar lantarki ma mun ɗanɗana. Tashar Kudenda a Kaduna mai megawat 215 an ba da kwangilarta a 2009. Ta jihar Sakkwato mai megawat 38 an fara maganarta a 2008. Ta iska da ke Lambar Rimi a Katsina, megawat 10, da fankoki 37. Kowace ta haura shekara goma ana jiran ta. Dalilan suna da yawa, akwai rashin sakin kuɗi, akwai rashin man da za a ƙona, a Rimi har sace injiniya Bafaranshe aka yi a 2012. Sai dai ku lura, kowace ita kaɗai ce irinta. Da ta tsaya, babu 'yar'uwar da za a leƙa a ga yadda aka yi, babu ma'aikatan da suka taɓa gama irinta, babu inda za a aro ko da noti. Ku gwada da Maiduguri. Bayan da 'yan ta'adda suka kayar da turakun layin Damaturu a farkon 2021 gari ya shiga duhu, aka sa hannu a kwangilar tashar gaggawa a wannan shekarar, aka buɗe ta a watan Maris na 2023. Injin da aka kai irin wanda ake ƙerawa ne da yawa a masana'anta, a gwada shi can, a jawo shi a kan tirela. Ba a zauna zana shi don Maiduguri ba, shi ya sa bai kwana a hanya ba.

Ba zan ɓoye muku inda hanyar take da rami ba, don wanda ya ce muku babu, kaya yake son sayar muku.

Idan zane ɗaya yana da aibi, aibin ma maimaita kansa yake yi. A ƙarshen 2021 Faransawa suka ga tsaga a wani bututu a tashar Civaux. Da yake 'yan'uwanta irinta ne sak, dole aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana kashewa ana dubawa. A wani lokaci cikin 2022 fiye da rabin tukwanensu 56 suna kashe, wasu don wannan, wasu don gyaran da aka saba, har ƙasar da ta saba sayar wa maƙwabta wuta ta koma saye, karo na farko cikin fiye da shekara 40. Maganin wannan shi ne kada a zuba duka a lokaci guda. A gina ta farko, a bar ta ta sha hunturu ɗaya da bazara ɗaya tana aiki, a rubuta duk abin da ta nuna, a gyara zanen, sannan a saki sauran. Su ma Faransawan, da yake tashoshin iri ɗaya ne, da suka gano ciwon a ɗaya sun san inda za su duba a sauran, gyaran da ya yi wa wannan shi ya yi wa waccan.

Rami na biyu ya fi wannan haɗari a wurinmu, wato a kira zane "na bai ɗaya" alhali ba a gama shi ba. A jihar Jojiya ta Amurka an fara tukwane biyu a tashar Vogtle da alƙawarin cewa zanen daidaitacce ne, gunduwa-gunduwa za a ƙero a masana'anta a zo a harhaɗa. Ashe an fara zuba kankare zanen bai kammala ba, gunduwoyin suna isowa da kurakurai ana sakewa. Aikin da aka yi wa lissafin dala biliyan 14 ya haura 30, kamfanin Westinghouse mai zanen ya durƙushe a 2017, tukwanen ba su fara aiki ba sai 2023 da 2024, jinkirin shekara bakwai. In Amurka da kuɗinta ta faɗa wannan rami, ina ga jihar da ke jiran kason wata-wata daga Abuja? Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. A wannan sana'a tamu ma zanen ne ke riga ginin, kuma duk gwamnan da ya matsa a aza harsashi don ranar bikin cika shekara a mulki, alhali zane yana rabi, ya sayi ƙarin kuɗin kwangila da hannunsa.

Sai batun zama bawan kamfani ɗaya. Gaskiya ne, in duk injinanku na mutum ɗaya ne, ranar da ya ga dama zai tsuga muku kuɗin kayan gyara. Amma zane ɗaya daban, ɗan kwangila ɗaya daban. In zanen mallakinku ne, kun biya kuɗinsa, takardunsa suna hannunku har da na kwamfuta, kuna iya kiran 'yan kwangila goma su yi takara a kansa. Taransifoma, allon rarraba wuta, famfo, bawul, waya, duk ana iya ƙayyade girmansu da ma'auninsu da inda ƙusoshinsu za su zauna, a tantance masana'anta biyu ko uku da za su iya kawo su. Zanen da ɗan kwangila ya zo da shi a jakarsa ya koma da shi, kayan aro ne, ba ya rufe katara.

Kuma zane ba ya haifar da gas. Tashoshin gas 10 na shirin samar da wuta na ƙasa, wato NIPP, da aka faro zamanin Obasanjo, mafi yawansu injin kamfanin GE na Amurka samfuri ɗaya aka sa musu, wannan dabara ce mai kyau. Amma da yawansu sun yi shekaru suna aiki ƙasa da ƙarfinsu saboda babu isasshen gas, ko babu layin da zai kwashe wutar. Masar ɗin ma da na yaba, a 2023 da 2024 ta koma ɗauke wuta bi da bi, tashoshi lafiya lau, gas ne ya yi ƙaranci. Don haka yarjejeniyar gas da hanyar kwashe wuta da wanda zai saya ya biya, su ma a sa su cikin abin da za a daidaita, takarda iri ɗaya ga kowace jiha.

Yanzu ga maganar da na san ba za ta yi wa wasu na kusa da ku daɗi ba. Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa abu mai sauƙin ganewa haka ba ma yin sa, alhali a kasuwar Dawanau ko yaro ya san ba a ciniki sai an yarda da mudu. Amsar da na samu ita ce, zane ɗaya mudu ne. Idan Jigawa ta gina tasha a kan naira kaza, Zamfara ta gina irinta sak a kan ninki biyu, ko ɗan jarida mai koyon aiki zai iya yin tambaya. Amma in kowace da irin tata, an sami mafaka: ai tamu daban ce, injinmu na Jamus ne, ƙasarmu dutse ce. Sabon zane yana zuwa da sabon mai ba da shawara, da tafiya ƙasar waje duba kaya, da kafin alƙalami, da sauye-sauyen tsakiyar aiki waɗanda a nan ne kuɗi ke zurarewa ba a gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai kuma son a ce "wannan nawa ne, ba a taɓa yin irinsa ba". Ranku ya daɗe, a aikin injiniya "ba a taɓa yin irinsa ba" ba yabo ba ne, gargaɗi ne. Mai injin niƙa a Funtuwa da mai ɗinki a Azare ba ruwansu da ko tashar ta yi kama da ta maƙwabta. Su dai su ga fanka tana juyawa.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar sabuwar doka. Ƙungiyarku ta kafa ƙaramin kwamiti na masu sana'a, ba na 'yan siyasa ba. Akwai su a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, akwai su a ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa, akwai waɗanda suka yi ritaya daga Kainji da Shiroro suna zaune a gida. A ba su aikin fitar da zane biyu ko uku kacal: ƙaramar tashar gas da za a iya jera ta bibbiyu ko hurhuɗu gwargwadon buƙata, filin sola mai girma ɗaya da ake ninkawa, da tashar rarraba wuta. Jihohi su haɗa kuɗin zanen, su mallake shi tare. Da zarar an kulle shi, kada kwamishina ko ɗan kwangila ya taɓa ko layi ɗaya sai kwamitin ya sa hannu, an kuma bayyana wa jama'a abin da canjin zai ci. Manyan kaya irin su taransifoma, waɗanda ƙera su kan ɗauki fiye da shekara, a yi odarsu a dunƙule. Mai sayen goma ba ya biyan farashin mai sayen ɗaya, ba ya kuma tsayawa a ƙarshen layi.

A tsara ayyukan bi da bi, yadda ayarin da ya gama a Kano zai wuce Katsina, daga can Gusau, kada a bar su su watse kamar yadda na Faransa suka watse. Yaran da za su koyi walda da haɗa waya a aiki na farko su ne helmomin aiki na huɗu, su ne kuma za su riƙe tashoshin bayan baƙi sun tafi. A yi babban sito ɗaya na kayan gyara a Kaduna ko Kano wanda kowa zai ɗiba ya mayar, maimakon kowace jiha ta daskarar da kuɗi a kayan da za su yi tsatsa a akwati. A kuma riƙa buga abin da kowace jiha ta kashe a kan kowane megawat, da watannin da aikin ya ci, a jere a shafi ɗaya. Manyan tashoshin da aka tsara a kan bututun AKK a Abuja da Kaduna da Kano ba a hannunku suke ba, na sani, amma muryar gwamna 19 tana isa inda tawa ba ta isa. Ku tambaya ko zane ɗaya za a bi, in ba haka ba a gaya muku dalili.

Na san wa'adin gwamna shekara huɗu ne, kuma wanda ya karɓi aiki na biyar a layi wataƙila magajinsa ne zai yanke ƙyalle. Wannan ita ce wahalar da ke ciki, ba ni da dabarar kauce mata, sai dai a jefa ƙuri'a a kan wa zai fara, a kuma rage wa jihar farko nauyi tunda ita za ta biya kuɗin makarantar kowa.

In kun tashi kafa kwamitin, ina da 'yar alfarma ɗaya. Cikin farfesoshi da manyan injiniyoyi, a ajiye kujera biyu, ɗaya ta mai sito, ɗaya ta mai walda, a kuma ba su dama su duba zanen kafin a sa masa hannu. Mai siton zai ƙirga muku boris da bel iri nawa zanen zai tilasta masa ajiyewa. Mai waldan kuwa zai tambaya ko hujojin milimita 180 ne ko 190 da rabi.

Allah Ya ba ku ikon sauke nauyi. Wassalam.

Naku,
Wani tsohon injiniya,
Kakuri, Kaduna.